Yadda za ka ba da ra'ayi kan hoton da aka turo maka

Da farko dai kar ka yi saurin rubuta "ya yi kyau", wannan ba taimako ba ne. Buɗe hoton ya cika fuskar wayar, ka lura ina idonka ya fara sauka, in ba kan abin da aka ɗauka ba ne to nan matsalar take.

Sai ka tambayi mai hoton me yake so ya nuna, don wani da gangan ya bar duhun.

Na uku, tsari. Kunna layukan nan masu raba hoto gida 9 ka ga ko mutumin yana kan ɗaya daga cikin layukan ko an dasa shi a tsakiya kawai, duba bayansa ko wata bishiya ta tsiro masa a ka, ko hoton ya karkace, ko an yanke shi daidai gwiwa ko wuyan hannu.

Sannan gyara. Sabbin hannu sun cika zuba kala a manhajojin gyaran hoto irin su Snapseed ko Lightroom har fatar mutum ta yi jawur, ka ce ya rage.

Wajen faɗa, fara da abin da ya burge ka, gyara biyu sun isa. In kuma naka ake dubawa kar ka hau musu, kuma ka tura shi a matsayin fayil, don WhatsApp na rage wa hoto inganci.