Kurakuran da ke Cinye Shekarun Mai Binciken Ciwon Daji a Ɗakin Gwaji, da Yadda Ake Gyara Su

Matashin da ya zaɓi binciken ciwon daji a matakin DNA da RNA da furotin yakan shigo da fargaba biyu: ko ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauki karatun, da kuma ko zai samu kayan aiki. Duka biyun abin damuwa ne, amma a ganina akwai wanda ya fi su cin shekarun mutum. Shi ne ya ɗora aikin shekara uku ko huɗu na digirin digirgir a kan abin da bai taɓa tsayawa ya tantance ba: ƙwayar halittar da yake reno a kwalba, sinadarin da aka sayo masa, tsokar da aka kawo daga ɗakin tiyata, ko jadawalin da ke cikin kwamfutarsa. Manya ma ba su tsira ba. A 2012 Glenn Begley da Lee Ellis sun rubuta a mujallar Nature cewa masana a kamfanin Amgen sun yi ƙoƙarin maimaita fitattun binciken ciwon daji guda 53, amma 6 kaɗai suka fito yadda aka ruwaito su. Idan haka ta faru da ɗakunan gwajin da ba su san ɗauke wuta ba, mai fara aiki yau ya kamata ya san inda aka fi yin tuntuɓe.

Yarda da sunan da ke jikin kwalba

Yawancin aikin wannan fanni da ƙwayoyin daji ake yin sa, waɗanda aka ciro daga jikin wani majinyaci shekaru da dama da suka wuce, ake ta renon su a jan ruwan abinci cikin na'urar ɗumi a maki 37. Sabon ɗalibi yakan karɓi kwalba daga hannun na gaba da shi, an rubuta mata suna da alƙalamin maka, ya yi godiya, ya kama aiki. Mai sayen buhun wake a Dawanau ba ya yarda da rubutun jikin buhu sai ya soka ya ga abin da ke ciki, amma mai digiri biyu sai ya yarda da rubutun jikin kwalba har ya buga takarda a kansa.

Labarin HeLa ya isa izina. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa daga jikin Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ba tare da an nemi izininta ba, suka zama ƙwayoyin ɗan Adam na farko da suka ci gaba da hayayyafa a kwalba ba tsayawa, su ne ake kira HeLa. Saurin girman nasu shi ya jawo masifa, domin ɗigo ɗaya idan ya faɗa wata kwalbar, kafin wasu makonni sun danne ƙwayoyin asali. A 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa ƙwayoyi da dama da ake kira da sunaye daban-daban duk HeLa ce ta mamaye su. Yau an san HEp-2 da ake ɗauka ta maƙogwaro ce, da KB da ake cewa ta baki ce, duk HeLa ce. Haka MDA-MB-435: an yi shekaru ana wallafa takardu da ita a kan yadda sankarar mama ke bazuwa a jiki, daga baya ta tabbata asalinta sankarar fata ce.

Gyaran ba shi da tsada idan aka kwatanta da asarar. Ranar da ƙwaya ta shigo hannunka, duba sunanta a rajistar ICLAC ta ƙwayoyin da aka san sun rikice, da kuma rumbun Cellosaurus, dukansu kyauta ne a intanet. Sannan ka aika DNA ɗinta a yi mata gwajin STR, irin wanda ake tantance uban yaro da shi, ka kwatanta da na asali. Ka daskarar da 'yan kwalabe tun da wuri, domin ƙwayar da aka yi ta rabawa wata da watanni halinta yakan sauya. Kada ka buɗe iri biyu lokaci ɗaya a teburin aiki, kuma kowace ƙwaya da kwalbar abincinta.

Akwai kuma maikofilasma, ƙwayar cuta ƙanƙanuwa da ba ta gurɓata ruwan abinci yadda ido zai gani, ba ta fitowa a madubin ɗakin gwaji na yau da kullum, kuma fenisilin ba ya taɓa ta don ba ta da bangon jiki. Tana nan tana shan abincin ƙwayoyinka tana sauya yadda ƙwayoyin gadonsu ke aiki. Gwajin PCR, mai gano DNA ɗinta, duk wata ɗaya ko biyu ya isa ya kama ta. Idan ta bayyana, zubar da kwalbar ka narkar da sabuwa.

Gutsuren DNA da wani ya ba ka shi ma haka. An gano wani furotin mai suna p53 a 1979, aka yi kusan shekara goma ana ɗaukarsa mai haddasa daji, saboda kwafin ƙwayar gadonsa da ake gwaji da shi daga ƙwayoyin daji aka ciro shi, ya riga ya samu sauyi. Sai a 1989 aikin ɗakunan gwajin Bert Vogelstein da Arnold Levine da wasu ya nuna cewa lafiyayyen p53 hana daji yake yi, kuma kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam suna ɗauke da lalataccensa. Ka karanta jerin haruffan duk wani gutsuren da za ka yi aiki da shi, daga farko har ƙarshe, kafin ka zuba shi a kan ƙwaya.

Ganye ya kashe ƙwaya a faranti, sai a ce an samu magani

Wannan shi ya fi damuna, domin shi ne ya fi yawa a kundayen jami'o'inmu, kuma illarsa ba ta tsayawa a ɗakin gwaji. A jiƙa ganye ko saiwa a sinadari, a tace, a zuba a kan ƙwayoyin daji, a yi gwajin MTT, a ga sun ragu, sai a rubuta cewa tsiron yana maganin daji. Labarin ya isa rediyo da WhatsApp, wata baiwar Allah mai ƙullutu a mama ta fasa zuwa asibiti har sai abin ya fashe. Wanda ya taɓa ganin irin wannan majinyaciya an kawo ta a mataki na huɗu ba zai sake rubuta irin wannan jimla da wasa ba.

Kashe ƙwaya a faranti ba wuya, gishiri mai yawa ma yana yi. Abin tambaya shi ne ko abin ya fi kashe ƙwayar daji a kan lafiyayyiya, da wane awo, ta wace hanya. Gwajin MTT kansa yana da rauni a nan. Sinadari ne ruwan ɗorawa da ƙwaya mai rai ke mayarwa shunayya, sai na'ura ta auna duhun launin. To wasu sinadaran ganye da kansu suna juya launin ko babu ƙwaya ɗaya a ramin farantin gwajin, wasu kuma launinsu ne ke ruɗa na'urar. DMSO da ake narkar da tataccen ganyen a ciki shi ma guba ne ga ƙwaya idan ya yi yawa, shi ya sa ake riƙe shi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Saboda haka kowane faranti ya zama yana da ramin da aka zuba tataccen ganye babu ƙwaya, da ramin DMSO zalla, da ramin sanannen magani kamar doxorubicin ko cisplatin, da kuma lafiyayyun ƙwayoyi don kwatance. Ka tabbatar da sakamakon ta hanya ta biyu, ko da ƙirga ƙwayoyi ne da shuɗin rini a ƙarƙashin madubi. Ka kai samfurin tsiron ma'ajiyar tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a tantance shi a ba shi lamba, domin suna ɗaya na Hausa yakan hau tsirrai biyu a garuruwa daban.

Ba raina tsirrai nake ba. Vincristine da ake ba yara masu sankarar jini daga wata fulawar Madagaska aka samo shi. Paclitaxel daga ɓawon wata bishiyar Amurka yake: an ɗebo ɓawon a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarin sinadarin a 1971, ba a amince da shi a matsayin magani ba sai 1992. Shekara talatin ke nan tsakanin bishiya da asibiti. Ka rubuta iya abin da ka gani, ka bar kalmar magani sai an gwada a jikin mutane.

Rami uku a faranti ɗaya

Rami uku da ka cika daga kwalba ɗaya rana ɗaya ba maimaici uku ba ne, hannunka kawai suka auna. Maimaici na gaskiya shi ne ka sake aikin tun daga tushe a wata rana da sabon rabo na ƙwayoyi, aƙalla sau uku. Ka yanke adadin da hanyar lissafin tun kafin ka ga sakamako, kuma kada ka cire lambar da ba ta yi maka daɗi ba sai da dalilin da ka rubuta tun farko.

Tsokar da ta jira a ɗakin tiyata

Daga lokacin da likita ya yanke ƙari, RNA da furotin sun fara lalacewa. Ƙa'idar da ake bi a sankarar mama ita ce tsoka ta shiga ruwan fomalin mai kashi 10 cikin ɗari cikin awa ɗaya, a tsattsaga ta don ruwan ya ratsa, ta zauna awa 6 zuwa 72. Abin da kan faru shi ne a jefa babban ƙari ɗungurungum cikin ɗan ruwan da bai rufe shi ba, ya kwana biyu kafin 'yan uwan majinyaci su kai shi ɗakin gwaji. Tsakiyarsa ta ruɓe, gwajin masu karɓar sinadarin estrogen ya nuna babu alhali akwai. Mai bincike ya rubuta cewa yawancin matanmu suna da nau'in da ba ya jin maganin homon, majinyaciyar kuma ta rasa tamoxifen, magani mai sauƙin kuɗi da zai iya yi mata amfani. Ka je ka saba da ma'aikatan tiyata, ka kai musu robobi da fomalin da kanka, ka roƙi a riƙa rubuta lokacin yanka da lokacin sakawa a ruwa.

Abin da ke firiza mai sanyin ƙasa da sifili da maki 80 kuwa, ka rarraba shi ƙananan kwalabe don kada ka riƙa narkarwa kana mayarwa, ka ajiye rabi a wani ginin da ke kan wani janareta. Kuma kada tsoka ko jini su shigo hannunka sai da yardar majinyaci a rubuce, an yi masa bayani da harshen da yake ji, tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.

Antibodi, hotuna da jadawali

Antibodi shi ne abin da ake kama wani furotin da shi don a gano shi, amma wanda aka sayo ba lallai ya kama furotin ɗin da aka rubuta a jikinsa ba. Wani bincike na 2017 ya gwada guda 13 da ake amfani da su wajen gano ERβ, wani furotin mai karɓar estrogen, ɗaya tak ya kama abin da ake nema shi kaɗai. Gwada naka a kan ƙwayar da aka san ba ta da wannan furotin. Idan alama ta fito a wurin, ka san wani abu daban yake kamawa.

Hoton gwaji kuma amana ce. Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba takardu fiye da 20,000, suka ruwaito a 2016 cewa kusan kashi 4 cikin ɗari suna da hoton da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba. Da yawa kuskuren sunan fayil ne, amma idan aka janye takarda, sunan mai ita ne ke ɓaci. Ajiye asalin hoto ba tare da yanka ko goge komai ba, da kwanan wata da lambar shafin littafin aikinka. Excel ma yana da tasa: yakan mayar da sunan ƙwayar gado SEPT2 zuwa 2 ga Satumba, har ta kai a 2020 aka sauya wa irin waɗannan suna, SEPT2 ta koma SEPTIN2. Masana lissafi Keith Baggerly da Kevin Coombes sun gano cewa a wani binciken Jami'ar Duke da aka dogara da shi wajen zaɓa wa majinyata maganin daji, layukan jadawali sun goce da ɗaya, an kuma musanya lakabin masu jin magani da marasa ji. A 2010 aka dakatar da gwajin a kan mutane. Ka koyi harshen kwamfuta na R ko Python ko da kaɗan ne, domin lissafin da aka rubuta ana iya bin sawunsa.

Mujalla, malami da tambaya

Saƙon imel da ya yaba maka ya yi alkawarin bugawa cikin mako ɗaya idan ka biya, ka guje shi. A 2013 John Bohannon ya ƙirƙiri takardar bogi mai cike da kurakurai a kan wani sinadarin da wai yana hana ƙwayoyin daji girma, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Takarda goma a irin waɗannan ba za su samo maka gurbi ko tallafi ba, masu tantancewa sun san su. Duba ko mujallar tana cikin MEDLINE, rumbun mujallun likitanci da aka tantance, kafin ka aika.

Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinka, suna ba ya wadatarwa. Nemi tsofaffin ɗalibansa ka tambaye su: shekara nawa suka yi, sunan wa ke farko a takardunsu, yana zama ya duba ɗanyen sakamako, kuma yaya fuskarsa take idan gwaji ya saɓa wa ra'ayinsa.

Sai tambayar da za ka ba shekarunka. Kwaikwayon abin da manyan ɗakunan gwajin Turai ke tsere a kai, da kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsu, wahala ce kawai. Ka dubi abin da ke ƙofarka: likitan tiyata Denis Burkitt ya lura da kumburin muƙamuƙin yara a Yuganda ya bayyana shi a 1958, daga samfurin da ya aika Landan Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano a 1964 ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da daji a jikin mutum. Gubar aflatoxin da ke fitowa daga fumfunar gyada da masarar da ba su bushe ba tana barin tabo a wuri ɗaya a jikin p53, a gurbi na 249. An fara ganin haka a 1991 a sankarar hanta a Sin da kudancin Afirka, daga baya a Gambiya, kuma haɗarin yana ninkuwa idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B. Mu da muke noma gyada muna kuma fama da ciwon hanta, wannan tambaya tamu ce. Kafin ka samu kuɗin sinadari, bayanan dubban majinyatan daji na shirin TCGA suna nan kyauta a shafin intanet na cBioPortal, kuma cibiyoyi irin su WACCBIP a Jami'ar Ghana suna horar da ɗalibai daga ƙasashen yammacin Afirka.

Idan ka tara tsoka da aka adana daidai, da bayanan majinyata, da izini, za a neme ka da haɗin gwiwa daga waje. Kada samfuri ɗaya ya bar hannunka sai an rubuta yarjejeniya: wane gwaji za a yi da shi, wa zai riƙe bayanan, ina sunanka zai zauna a takarda, kuma wane ɗalibi daga wajenku zai bi samfurin ya koyo aikin.