Kurakuran da ake tafkawa wajen ƙiyasta yaushe mai ƙasusuwa ya mutu

Jama'a, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga ƙashi fari tas ba nama a ce ai wannan ya yi shekara goma. Ina! Zafi da ƙudaje da namun daji ne ke tafiyar da ruɓewa. Ungulu in suka taru a kan gawa a fili cikin awanni za su iya barin ƙashi zalla, amma a wuri mai sanyi ko cikin kabari sai a shekara nama bai gama tafiya ba. Tsohuwar ƙa'idar Casper, wani likitan binciken gawa Bajamushe, ma cewa ta yi sati 1 a sarari daidai yake da sati 2 a ruwa, sati 8 a binne. Maganin abin, a nemo bayanan zafin wurin na kowace rana a tara kafin a buɗe baki.

Ganin nama ma yana ruɗi, har manya ya kayar. A 1977 a jihar Tennessee ta Amurka aka kira Dakta William Bass, masanin ƙasusuwan ɗan adam, ya duba gawa a wani tsohon kabari da aka tona, ya ga nama da sauran ja, ya ce mutuwar ba ta wuce shekara ba. Ashe Kanal William Shy ne da aka kashe a yaƙin basasa a 1864, an yi wa gawar magani an rufe a akwatin ƙarfe. Tazarar shekara 113 fa! Wannan na cikin abin da ya sa ya buɗe filin nazarin ruɓewar gawa a jami'ar Tennessee.

Launin ƙashi kuwa kar ma ka dogara da shi, ƙasa ke rina shi rana ta koɗar da shi.

Sai masu cewa a kai lab kawai a yi gwajin kabon 14, wani sinadari da ke raguwa a jiki a hankali bayan mutuwa. To shi kabon ɗin sai ya yi shekara 5,730 rabinsa ke ƙarewa, don haka raguwarsa ba ta nuna 'yan shekaru, a sabbin ƙasusuwa abin da ake bi shi ne ƙarin kabon ɗin da gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka zuba a iska, wanda ya kai ƙololuwa wajen 1963, kuma farin ɓawon haƙori lokacin haihuwa yake nunawa ba lokacin mutuwa ba, nan mutane ke cakuɗa abu biyu.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kwashe ƙasusuwa a bar ƙasar wurin. Kwanson tsutsar ƙuda, saiwar da ta ratsa ƙashi, kwabo a aljihu, duk shaida ne, a ɗauki hoto a tattara su. Shi kwabon abin da yake faɗa kawai, ba a mutu kafin shekarar da aka buga shi ba. A rahoto kuma a rubuta daga shekara kaza zuwa kaza, kar a tsayar da rana ɗaya.