Yadda ake gyara tsohon ginin laburare na kankare a Jos

Gine-ginen gwamnati na shekarun 1950 zuwa 1970 kamarsu ɗaya: shimfiɗaɗɗen rufin kankare, tagogin luba, bulo mai huji-huji da ke tare rana ya bar iska ta ratsa, da daɓen tarazo. Ruwa ne ke kashe su, don haka daga sama ake fara gyara.

Da farko a kira injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya duba ginin, a nemi izinin JMDB, hukumar raya birnin Jos. A kwashe littattafai zuwa busasshen wuri, a ware masu fumfuna da waɗanda gara ta ci. In akwai silin ko kwanon asbesto, kada a fasa, kada a yanka. A jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum, ma'aikata na sanye da takunkumi, domin ƙurarsa na jawo cutar kansa.

Sai rufi. Damina a Jos takan kai wata shida, wani lokaci har da ƙanƙara. A kankare tsohuwar kwalta, a yi sabon daɓe mai gangara, santimita 1 a kowace 40, zuwa bakin indararo. A manna shimfiɗar kwalta mai kaurin milimita 4 da wuta, a haura da ita bango aƙalla santimita 15. A wannan kusurwar yoyo ya fi farawa, kuma nan leburori suka fi yin ha'inci.

Inda kankare ya ɓare har rodi ya bayyana, tsatsa ce ta kumbura ta tsaga shi. Shafa filasta a kai ɓarnar siminti ce, nan gaba kaɗan zai sake zubowa. A bi ginshiƙi da guduma ana ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi amon holoƙo a sare. A zarce bayan rodin da kamar santimita 2, a goge shi da burushin ƙarfe har ya yi haske, a shafa maganin tsatsa, a cike da simintin gyaran kankare. Rodin da ya sirance, injiniya ne zai ce a ƙara wani.

Kada a toshe bulo mai huji, kada a lulluɓe fuskar ginin da almini. In iska ta tsaya, danshi ya haura kashi 65 cikin ɗari, sai fumfuna ta kama takarda. Tarazo kuwa gurzawa yake so da inji, tayil bai kai shi ƙarko ba.

Kantocin littattafai na da nauyi, wurinsu na buƙatar daɓen da zai ɗauki kusan kilo 650 a murabba'in mita. A bar su a ƙasa, a mai da bene wurin zama da kwamfuta.

A sauya wayarin gaba ɗaya. Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta a samar musu da hanyar shiga. Gangarar keken guragu ta tashi mita 1 a kowace mita 12, ƙofa kuma kada ta gaza santimita 90.