Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Laftof Mai Araha, da Hanyar Gyara Su

Yawancin masu neman laftof mai araha ba wani aiki mai nauyi za su yi da ita ba. Rubutu a Word, lissafi a Excel, shiga intanet, taro ta Zoom, kallon bidiyo, sai ajiye takardu da hotuna. Kowace sabuwar laftof tana iya wannan a ranar farko. Bambancin sai bayan wata shida ko shekara yake bayyana, lokacin da wata ke ci gaba da aiki lami lafiya, wata kuma ta koma sai ka danna ka zauna jira. Kusan kullum abin da ke raba su yana cikin sassan da ba sa canzuwa bayan an saya, kuma can ya kamata kuɗinka ya fi tafiya.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ruɗuwa da tambarin da aka manna kusa da madannai. Mutum ya ga an rubuta Core i7, wato sunan firosesar da ke sarrafa duk aikin kwamfutar, ya ɗauka ya gama dacewa. Alhali i3 da i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya, kuma Intel, mai ƙera su, ta yi zubi sama da goma. Core i7-7500U ta 2016 ƙwayoyin aiki biyu gare ta. Core i5-8250U da ta biyo bayanta a 2017 tana da huɗu, kuma ta fi ta nesa ba kusa ba idan aka buɗe manhajoji da yawa lokaci guda. Core i3-1215U ta 2022 tana da shida. Saboda haka lambar da ke bayan layin za ka karanta: 8250U zubi na 8 ce, 1135G7 na 11, 1215U na 12. A ɓangaren AMD, ɗaya kamfanin da ke ƙera firosesa, ma akwai irin wannan tarkon. A jerin Ryzen 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke nuna tsarin da aka ƙera firosesar a kai. Ryzen 5 7520U tsohon tsarin Zen 2 ne mai ƙwayoyi huɗu, Ryzen 5 7530U kuwa Zen 3 ne mai shida. Lamba ɗaya tak ta raba su a rubuce, amma a wurin aiki ratar tana da faɗi.

Can ƙasa kuma akwai Celeron N4020 da N4500, masu ƙwayoyi biyu. Da Windows a kansu wahala ce tsantsa, kuma ba ma ba kowa shawarar sayensu. N100 ta 2023, mai ƙwayoyi huɗu, tana ɗaukar rubutu da intanet idan an haɗa ta da isasshen RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, amma iyakarta ke nan.

Shekarun firosesa suna da wani tasirin. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko, a laftof, Ryzen daga jerin 3000. Ana iya cusa ta da dabara a kan tsohuwar kwamfuta, don haka ganin Windows 11 na aiki ba hujja ba ce. Irin wannan kwamfutar ba ta da tabbacin ci gaba da samun sabuntawa.

Sai maganar RAM, inda aka fi cutuwa. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke yarda da shi, kuma ita kanta tana cinye fiye da rabinsa tun ba ka buɗe komai ba. Ka buɗe shafuka goma a burauza, ka ƙara da Zoom, ya cika. Da ya cika sai kwamfutar ta fara jibge abin da ya yi yawa a ma'adana tana ɗaukowa, ita kuwa ma'adana ba ta kusa da RAM a sauri. Wannan shi ne tushen maƙalewar da ake ta ɗora wa ƙwayar cuta laifinta. Kada ka sauko ƙasa da gigabait 8, kuma idan kai mai tara shafuka ne ko kana so ta yi maka shekara huɗu ko biyar, nemi 16.

Yawan kaɗai bai isa tambaya ba. Dole ka san ko an narka RAM ɗin a jikin babban allon kwamfutar ne, ko yana cikin gurbi da ake cirewa. Idan takardar bayani ta ce LPDDR4x ko LPDDR5, kusan tabbas a narke yake, kuma yadda ka saye shi haka zai zauna har kwamfutar ta gama yayinta. Duk laftof mai Ryzen 3 7320U ko Ryzen 5 7520U haka take. Idan ta ce SO-DIMM, akwai gurbi. Laftof mai gigabait 8 da gurbi guda a sake ta fi mai gigabait 8 a narke daraja, ko da farashinsu ɗaya, domin ranar da ka ƙara ɓallin RAM na biyu za ka samu yawa, ka kuma samu hanya biyu ta shigar bayanai, abin da ke ƙara wa hoto da bidiyo santsi a kwamfutocin da ba su da katin hoto na daban. Dubawa ba wuya: danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance, zaɓi Memory. A nan za ka ga yawansa, saurinsa, da guraben da ke cike. Wani lokaci wannan shafin kan nuna gurbin da babu shi a zahiri, shi ya sa yana da kyau a tabbatar da littafin gyara na kamfanin da ya ƙera ta.

A ma'adana kuskure iri biyu ake yi, kuma sun saɓa wa juna. Na farko shi ne bin girma: a ga terabait 1 a yi murna, ba a lura tsohon faifai mai juyawa ba ne, wanda da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, ga shi ba ya jure faɗuwa ko jijjiga. Na biyu shi ne sayen mai gigabait 64 na eMMC da zaton SSD ce, wato ma'adana mai sauri da ba ta da faifai mai juyawa. Ita eMMC 'yar uwar ma'adanar da ke cikin ƙananan wayoyi ce, a narke take, kuma ba ta wuce megabait 400 a daƙiƙa ko a takarda. Gigabait 64 ɗin ma kusan 58 zai nuna maka, Windows ta ɗebe 20 zuwa 30, sannan babbar sabuntawa ta zo ta rasa inda za ta sauka. SSD ta SATA tana kai kusan megabait 550, ta NVMe kuwa ta haura 1,500 ko da mai araha ce. Abin nema shi ne NVMe mai gigabait 256 aƙalla, 512 idan da hali. Wannan sashen ana iya sauya shi daga baya idan a gurbin M.2 yake, don haka idan dole sai ka rage wani abu, rage girman SSD, kada ka taɓa RAM.

Sikirin shi ne abin da mutane suka fi mantawa, alhali shi ido zai wuni yana kallo. Har yanzu ana sayar da laftof mai inci 15.6 da sikirin 1366 × 768, inda rubutu ke fitowa da kaushi, layukan Excel kaɗan ne ke shiga, ba kuma za ka iya jera takardu biyu gefe da gefe ba. Nemi 1920 × 1080, kuma ya zama IPS. Idan kwamfutar na gabanka, buɗe hoton fuskar mutum, ka kwantar da murfin baya a hankali, sannan ka jawo shi gaba. A sikirin TN fuskar za ta yi duhu kamar an shafa mata gawayi idan ya kwanta, ta koɗe fari fat idan ya sunkuyo. A IPS launin zai tsaya yadda yake. Haske kuma, mai nit (ma'aunin hasken sikirin) 220 ko 250 a cikin ɗaki kawai yake da amfani. Wanda zai riƙa aiki kusa da taga ko a waje, 300 ya kamata ya nema.

Alƙawarin “awa goma” da ake rubutawa a kwali, an auna shi ne da haske a rage da aiki marar nauyi. Duba girman batirin a ma'aunin Wh. Masu araha da yawa suna tsakanin 36 da 42, wanda a aikin gaske awa huɗu zuwa shida ne galibi. Daga 50 zuwa sama ake fara maganar wuni.

Kafar USB-C ma tana yaudara. Siffarta ɗaya a ko'ina, amma a ƙananan laftof sau da yawa bayanai kawai take ɗauka, ba ta caji, ba ta kai hoto zuwa wani sikirin. Sai ka ga Power Delivery a rubuce kafin ka sa ran caji, sai ka ga DisplayPort kafin ka sa ran hoto. Haka kuma Chromebook, laftof mai aiki da tsarin Google, ba ta ɗaukar manhajojin Windows, kuma kowace tana da ranar da Google zai daina sabunta ta, wadda ake iya dubawa kafin a saya. Windows mai yanayin S kuwa daga Microsoft Store kaɗai take karɓar manhaja. Fita daga yanayin kyauta ne, sai dai ba a komawa.

Duk wannan binciken yana iya tashi a banza idan ka dogara da sunan samfuri kawai. Suna ɗaya irin Aspire 3, IdeaPad 3 ko HP 15 yana ɗauke da haɗi iri-iri, wani da IPS wani da TN, wani da Core i5 wani da Celeron. Sharhin da ka karanta a intanet mai yiwuwa a kan wani haɗin aka yi shi. Kifa kwamfutar, ko ka duba gefen kwalin, ka kwafi cikakkiyar lambar samfurin, ita za ka bincika a shafin kamfanin.

Akwai masu guje wa laftof ɗin ofis da aka yi amfani da ita don kawai ba sabuwa ba ce, kuma a ganinmu asara suke yi. ThinkPad T480, Latitude 5490 da EliteBook 840 G5 galibinsu na zubi na 8 ne (akwai masu firosesar zubi na 7, don haka a duba lambar), suna da guraben RAM biyu, madannai masu daɗin rubutu, da gangar jiki da ta fi ta sababbin masu araha ƙwari. Amma sai an gwada su da kyau. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da yake ɗauka yanzu. Idan ya sauko ƙasa da kashi 70 cikin 100, sa kuɗin sabon batir a lissafinka. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, tun kana gaban mai sayarwa, domin idan akwai kalmar sirri a kai, cire ta babban aiki ne. Idan da hali a sake ɗora Windows da intanet a haɗe, don wadda har yanzu ke rajiste da wata ma'aikata za ta nemi a shiga da asusun ma'aikatar, kuma irin wannan barin ta ake yi. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyar SSD da awannin da ta yi tana aiki. Daga nan buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, soka filasha a kowace kafa, cika sikirin da fari sannan da baƙi don gano ɗigon da ya mutu, ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa kana sauraron ƙara, kana kuma duba ko robar da ke kewaye da maƙallan ta fara tsagewa ko ɗagawa.