Masu Vagrant, ku riƙa ɗaukar snapshot

'Yan uwa masu aiki da Vagrant a kan VirtualBox (manhajojin da ake ƙirƙirar injin kwaikwayo da su a cikin kwamfuta), kafin ku girka sabon abu a cikin injin, ku buga `vagrant snapshot save tsaf` don ɗaukar snapshot, wato adana halin da injin yake ciki, da sunan tsaf. In abu ya caɓe, `vagrant snapshot restore tsaf` zai mayar da ku inda kuka tsaya. Ya fi `vagrant destroy` nesa ba kusa ba, don bayan rushewa sai an sake sauke manhajojin duka, data kuwa da tsada.

Sai dai fayilolin cikin /vagrant ba sa komawa baya, tunda a ainihin kwamfutarku suke zaune. Wannan aikin Git ne, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli.

In kwamfuta ta yi nauyi, `vagrant global-status` zai tona injinan da kuka bari a kunne.