Yadda Ake Wasan Lemar Iska a Tekun Paje Lami Lafiya

Duk wanda ya je hutu Zanzibar daga Kano sai ya dawo da bidiyon mutane a tsaye kan allo, ƙatuwar lema tana jan su bisa ruwa. An fi yin wasan a Paje, gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar kusan awa guda a mota daga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar. In kana son gwadawa, ga yadda za ka bi.

Fara da koyon iyo tun a gida. Wankan kududdufi na yarinta ba ya cikin lissafi. Nemi wurin ninkaya ka ƙware kafin ka yanki tikiti.

Sai zaɓen lokaci. Iskar Kusi tana kaɗawa daga kudu maso gabas tsakanin Yuni da Satumba, muna tsakiyar damina ke nan, kuma ita ta fi ƙarfi. Kaskazi kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, Disamba zuwa Fabrairu, daidai da hunturunmu. A ganina ɗan koyo ya fi dacewa da ita. Duk ranar da iska ke busowa daga tudu zuwa cikin teku, haƙura, don waje za ta yi da kai.

Kowace safiya duba jadawalin cikar teku. Sau biyu a kwana ruwan yake janyewa, ya yi nisa ƙwarai, ya bar turakun da matan garin suka kafa suna noman ciyawar teku. Faɗawa kansu rauni ne gare ka, asara gare su. Akwai kuma wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a ƙasan ruwan, saboda haka sa takalmin roba.

Kada ka yi gaban kanka, ɗauki malami mai shaidar IKO, ƙungiyar wasan lemar iska ta duniya. Kafin ka jiƙa ƙafa, ya koya maka abu uku a kan yashi: sakin sandar riƙo don lemar ta rage ƙarfi, tura jan makullin gaggawa da ke gaban ɗamarar da ta haɗa ka da lemar, sai rabuwa da lemar gaba ɗaya. Maimaita har hannunka ya riƙa yi ba tunani. Igiyoyin sukan haura mita 20, in sun miƙe yanka suke yi, kar ka taɓa naɗa su a hannu.

Cunkoso shi ne babbar matsalar Paje. In kun yi gaba da gaba da wani, wanda hannunsa na dama ke gaba shi ke da hanya. Wanda ke ɓangaren da iska ke fitowa ya ɗaga lemarsa sama, ɗayan ya sauke tasa ƙasa. Mai shiga ruwa daga gaɓa a ba shi wuri, masu wanka kuma a kauce musu da nisa. In ka gama, dafa tsakiyar kanka da tafin hannu; na bakin gaɓa zai gane, ya zo ya kama maka lemar.