Yadda Ake Zaɓar Fedar Babbar Ganga: Mai Sarƙa Ko Mai Bel

Duk wanda ya taɓa zama a bayan gangunan zamani, a coci ne a Jos ko a Sabon Garin Kano, a wurin biki ko a ɗakin ɗaukar sauti, ya san cewa rabin aikin yana ƙarƙashin ƙafar dama. Feda ce ke mayar da takun ƙafa ya zama bugu, kuma tsakanin allon da ake takawa da gular da ke dukan fata akwai wani ɗan abu da ke haɗa su, wanda ko dai sarƙa ce ko kuma bel. Masu sayarwa sukan zuzuta bambancin da ke tsakaninsu har mai saye ya ruɗe, alhali ƙafar mutum da wurin da zai yi kiɗan su ne ya kamata su yanke hukunci.

Mataki na farko shi ne a fahimci abin da kowanne yake yi. Tun bayan da William F. Ludwig, mai ƙera ganguna, ya fito da fedarsa a birnin Chicago a shekarar 1909, tsofaffin fedoji da ɗan sandan ƙarfe ko da tsinken fata suke jan gula, ita kuwa fata tana miƙewa, tana bushewa, tana tsinkewa. Sarƙa ta shigo a shekarun 1970 don magance wannan matsala, sannan fedar DW 5000 ta sa ta zama ruwan dare a shekarun 1980. Sarƙa ba ta miƙewa, tana da ɗan nauyi, saboda haka mai kiɗa yakan ji allon ya cika masa ƙafa. Akwai mai layi ɗaya, akwai mai layi biyu, kuma mai layi biyun ta fi hana allon karkata gefe idan an taka da ƙarfi. Bel na zamani kuwa ba fata ba ne. Da nailan ake yin sa ko da zaren Kevlar, ya fi sarƙa sauƙin nauyi, ba ya yin ƙara, kuma yana sa allon ya riƙa bin tafin ƙafa cikin laushi.

Mataki na biyu shi ne mutum ya lura da yadda yake taku, kuma ya gaya wa kansa gaskiya. Wanda ke ɗaga diddige ya saki nauyin cinya gaba ɗaya a kan allo, kamar yadda yawancin masu kiɗan coci suke yi idan waƙa ta yi zafi kuma ba a sa wa gangar makirfo ba, galibi zai fi samun natsuwa da sarƙa mai layi biyu. Wanda kuwa ke ajiye diddige a ƙasa yana bugu da idon sawu, irin na masu kiɗan jaz a kan ƙaramar ganga mai inci 18 ko 20, inda ake son bugu mai taushi da ake ji a jiki fiye da kunne, yakan fi jin daɗin bel. Wannan ba doka ba ce, domin akwai masu dukan ƙarfi da ba sa rabuwa da bel, amma wuri ne mai kyau da za a fara.

Mataki na uku ne aka fi yin kuskure a kansa, shi ya sa zan daɗe a nan. Sarƙar ko bel ɗin yana naɗuwa ne a kan wani ɗan faifai da ke jikin sandar da ke juya gula, kuma surar wannan faifai tana canja yanayin feda fiye da yadda sarƙa ko bel ke canja shi. Idan faifan zagayayye ne, gula tana tafiya da gudu ɗaya daga farko har ta taɓa fata. Idan kuwa mai doro ne, wato tsakiyarsa ta goce gefe, gula takan fara a hankali sannan ta ƙara wuta dab da isa fata, bugun ya fito da kaifi. Sau da yawa mutum zai taka feda mai sarƙa da faifai mai doro, ya taka wata mai bel da zagayayyen faifai, ya ce sarƙa ta fi ƙarfi, alhali faifan ne ya ji ba sarƙar ba. Kamfanin Tama ya bambanta waɗannan a jerin fedojinsa na Iron Cobra: Rolling Glide tana da zagayayyen faifai, Power Glide tana da mai doro, Flexi Glide kuma ita ce mai bel da suka taɓa yi. Pearl Eliminator kuwa tana zuwa da faya-fayai masu launi daban-daban da ake cirewa a sauya. Don haka kafin a kwatanta fedoji biyu, a duƙa a dubi faifan kowacce, a tabbatar iri ɗaya ne, in ba haka ba gwajin bai gaya maka komai ba.

Mataki na huɗu shi ne gwajin kansa. A tafi shago da takalmin da aka saba kiɗa da shi, a nemi a ɗaura fedojin biyu a kan ganga ɗaya, a zauna a kujera mai tsayin da aka saba. A daidaita ƙarfin sifirin ɗinsu, wato wanda ke dawo da gula baya bayan bugu, ya zama ɗaya, a daidaita tsawon gula, a kuma kwantar da ita baya kimanin digiri 45 daga fata. Daga nan a fara da bugu ɗaya-ɗaya a hankali, a rage ƙarfi har sautin ya kusa ɓacewa, domin a bugu mai taushi ne feda ke nuna halinta, ba a na ƙarfi ba. Sannan a yi bugu biyu-biyu a jere da sauri, a lura ko allon yana dawowa ya tarbi ƙafa ko yana makara. A sauka a ja gular baya da hannu a sake ta, a ga sau nawa za ta yi lilo kafin ta tsaya. Wadda ta tsaya nan take, boris ɗinta ya gaji. A ƙarshe a kama allon a girgiza shi hagu da dama, a kuma kasa kunne. Sarƙar da ke hawa kan faifai mai haƙora irin na keke takan yi ɗan ƙas-ƙas wanda ba a ji a cikin taro, amma makirfo yana kama shi sarai, kuma wanda aikinsa ɗaukar sauti ne bai kamata ya raina wannan ba.

Mataki na biyar shi ne tunanin kulawa da gyara, kuma a nan yanayin ƙasarmu yana da ta cewa. Ƙurar hunturu tana manne wa giris ɗin sarƙa har ya zama kamar yashi, ya riƙa cin ƙarfen a hankali. Maganinsa bai da wuya: a goge sarƙar da tsohon buroshin haƙori, a ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan, a share ragowar da tsumma, kada a lafta mata giris. Bel ba ya son mai ko kaɗan, ba ya tara ƙura, amma yana da wurin mutuwarsa, wato ramin da noti ke ratsawa. Na ga wannan da idona a wani biki, muna tsakiyar waƙar shigowar amarya, na taka sai allon ya faɗi ƙasa warwas, gula ta tsaya cak. Bel ɗin ya yage daidai bakin notin, kuma da na duba daga baya sai na ga zaren ya daɗe yana tsittsinkewa a wurin ban kula ba. Na ƙarasa waƙar ina maye gurbin bugun ƙafa da gangar da ke gefena, tun daga ranar kuma ban sake fita ba tare da bel na biyu a jaka ba. Sarƙa ma tana tsinkewa, musamman mai layi ɗaya a kan feda mai arha, sai dai ta fi jure wa wurin da makaɗa uku ko huɗu ke karɓa-karɓa a kan ganga ɗaya, kowa da nauyin ƙafarsa. Idan feda ta hannu za a saya, kamar yadda ake yawan samu a kasuwar Alaba ta Legas, a duba tsatsa a gaɓoɓin sarƙa, a duba bakin ramin bel, a kuma tambaya ko ana samun kayan gyaranta kafin a biya.

Mataki na ƙarshe shi ne yanke shawara. A ganina, cocin da ke sayen feda ɗaya don kowa ya yi amfani da ita, ko makaɗin da ke yawon bukukuwa da kayansa a bayan mota, sarƙa mai layi biyu ya kamata ya ɗauka. Wanda fedar tasa ce shi kaɗai, yana son sauƙin taku da shiru a ɗakin ɗaukar sauti, kuma zai iya ajiye bel na canji, bel zai yi masa. Wanda kuma ya gwada duka biyun zuciyarsa ta kasa tsayawa, akwai fedojin da ke karɓar kowanne, kamar DW 9000, inda ake kwance sarƙa a ɗaura bel a cikin 'yan mintuna. Sai ya yi mako biyu da sarƙa, ya yi mako biyu da bel, ba tare da ya taɓa sifirin ko tsawon gula ba, yana kiɗa waƙoƙin da ya saba, sannan ya bar wanda ƙafarsa ta daina lura da shi a ɗaure.